Suna Linzami: Tarihin Rubuta Sunayen Kayan Haɗi a Jikin Man Shafawa na Gargajiya

Gabatarwa

Kwanakin baya wata jikata ta kawo mini wata 'yar kwalbar man shafawa da aka yo wa mahaifiyarta tsaraba daga Ingila, ta ce in karanta mata abin da aka rubuta a bayanta, domin ta duba ba ta ga kalma ɗaya da ta gane ba. Na sa tabarau na duba. Suna na farko shi ne Aqua, wato ruwa. Na biyu kuwa Butyrospermum Parkii Butter. Na yi dariya, na ce mata ai wannan man kaɗanya ne, irin wanda kakata take shafa mana a ƙafa da hunturu don maganin kaushi da faso. Yarinya ba ta yarda ba, ta ce in da man kaɗanya ne ai da an rubuta man kaɗanya.

Wannan magana tata ita ce ta sa na zauna na bi diddigin yadda aka yi man kaɗanya ya sami wannan dogon suna, da kuma dalilin da ya sa duniya ta tsaya kai da fata a kan cewa duk wanda zai sayar da abin shafawa sai ya rubuta sunan kowane abu da ya zuba a ciki, kuma da sunan da aka amince da shi, ba wanda ya ga dama ba. Batun ya shafe mu kai tsaye, domin a yau matanmu da matasanmu da yawa sun shiga sana'ar haɗa man shafawa da sabulu daga itatuwan ƙasarmu, suna zubawa a robobi suna liƙa takarda.

Kafin zuwan takarda

A da, ba a bukatar rubutu a jikin man kaɗanya, saboda mai saye ya san mai sayarwa. Matan karkara ne suke tsintar 'ya'yan kaɗanya da farkon damina, su fitar da ƙwara, su dafa, su shanya, su fasa, su soya, su daka, su niƙa, sa'an nan su yi ta bugawa da ruwa har man ya taso, a kwashe a tafasa a tace, a zuba a ƙwarya ya daskare. Ranar kasuwa mai saye zai lakata ya murza a bayan hannu, ya shinshina, wani ma ya ɗanɗana. In an yi masa algus da man gyaɗa ko kitse, ya san gidan da zai koma. Fuskar mai kaya ita ce shaidar kaya.

Kuma kada mai karatu ya ɗauka cewa mutanenmu ba su iya rarrabe itatuwa da sunaye ba. Bahaushe ya san kaɗanya, ya kuma san namijin kaɗe, wanda ganyensa ya yi kama da nata ƙwarai amma itace ne daban, shi ne masana suke kira Lophira lanceolata. Ya kuma san kaɗanyar rafi, wadda ita ma ba dangin kaɗanya ba ce. Kama da wane ba ta wane.

Amma da zarar kaya sun yi nisa da mai su, sai a koma ga rubutu, kuma wannan ba Bature ne ya koya mana ba. Hugh Clapperton, wanda ya iso Kano a 1824, ya ba da labarin abin da ya gani a kasuwar birnin. Ya ce idan aka sayi riga ko turkuɗi a naɗe, aka tafi da shi har Barno ko wata ƙasa mai nisa, sa'an nan aka buɗe aka tarar ba shi da kyau, to ana mayar da shi Kano a karɓi kuɗi, domin a cikin kowane ƙunshi akwai sunan dillalin a rubuce. Ni a ganina wannan 'yar takarda ta dillalan Kano ita ce kakar takardar da muke liƙawa a jikin kwalba a yau. Aikinsu ɗaya ne: kada a yi cinikin biri a sama.

Yadda kaɗanya ta sami sunan Bature

Matafiya sun daɗe suna ambaton man kaɗanya. Ibn Battuta, wanda ya ratsa ƙasar Mali a 1352 zuwa 1353, ya ambaci wani mai da ake fitarwa daga ƙwallon wani itace, ana girki da shi, ana kunna fitila, ana kuma shafawa, kuma masana sun tafi a kan cewa man kaɗanya yake nufi. Kowace al'umma da sunan da take kiransa. Yarbawa suna cewa ori, mutanen Asante suna cewa nkuto, Faransawa suka ɗauki karite daga Wolof na Senegal, Ingilishi kuma suka ɗauki shea daga harshen Bambara na Mali. Mu ma a nan wasu man kaɗanya suke cewa, wasu man kaɗe.

Wanda ya sanar da Turai itacen sosai shi ne Mungo Park, likita ɗan Sikotilan, wanda ya yi tafiyarsa ta farko neman kogin Kwara daga 1795 zuwa 1797, ya kuma buga littafin tafiyar a 1799. A ciki ya kwatanta itacen da yadda ake fitar da man, har ya fifita shi a kan man shanu, saboda yakan yi shekara bai lalace ba ko da ba a sa masa gishiri ba. Park ya dawo karo na biyu, ya halaka a ruwa a Busa a 1806. Tsohon garin Busa ɗin ma yanzu yana ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968.

A wancan lokaci masana tsirrai na Turai sun riga sun karɓi tsarin da Linnaeus, mutumin Suwidin, ya kafa a 1753, wato a ba kowane tsiro suna mai kalma biyu da Latin, ta farko ta dangi, ta biyu ta shi kansa tsiron. A 1807 wani Bajamushe, Carl Friedrich von Gaertner, ya raɗa wa kaɗanya suna Vitellaria paradoxa. Bayan kimanin shekara talatin sai George Don ya sake raɗa mata Bassia parkii, don tunawa da Mungo Park. A 1865 kuma Theodor Kotschy na Ostiriya ya mayar da shi Butyrospermum parkii. Kalmar farko ma'anarta ƙwaya mai man shanu, ta biyu kuwa sunan Park ne aka Latinance. Wannan suna na uku shi ne ya bazu a littattafan ma'aikatan daji da na 'yan kasuwa har kusan shekara ɗari.

To amma masana tsirrai suna da wata ƙa'ida, cewa sunan da aka fara bugawa bisa ƙa'ida shi ne mai gado. Da aka koma aka bincika, sai aka ga na 1807 ya riga sauran, saboda haka a yau duk masanin tsirrai da ka tambaya Vitellaria paradoxa zai ce maka. Sun kuma raba ta gida biyu: irin tamu ta Afirka ta Yamma mai tauri, da irin ta gabas da ake kira nilotica, wadda ake samu a Yuganda da Sudan ta Kudu, mai manta ya fi laushi.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a jikin kwalba har yau Butyrospermum Parkii ake rubutawa, wato sunan da masana suka ajiye. Da farko na ɗauka kuskure ne ko ragwanci. Daga baya na gane cewa da gangan ne. Masu tsara sunayen kayan shafawa sun fi damuwa da suna ya tsaya wuri ɗaya a kan ya bi sabon binciken masana, domin matar da likita ya gaya wa ta guji wani abu, in aka canja masa suna bana, baɗi ba za ta gane shi ba. Ke nan sunan da yake daidai a aji daban, wanda yake daidai a jikin kwalba daban. Na sha ganin 'ya'yanmu da suka yi karatun kimiyya suna rubuta Vitellaria paradoxa a jikin robar mansu, suna ganin sun burge, alhali jami'in da zai duba kayan a tashar jirgin ruwa ta Turai ba shi yake nema ba.

Ba zan wuce nan ba sai na ambaci Dakta J. M. Dalziel, likitan gwamnatin mulkin mallaka da ya yi aiki a Arewa, ya tattara tsirrai a wurare irin su Katagum da Sakkwato da Yola. A 1916 ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa tare da takwarorinsu na Latin, a 1937 kuma ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Mulkin mallaka ya yi mana ɓarna mai yawa, amma wannan aiki gada ce da har yau ake bi a kanta, kuma ilmin da ke ciki na manoma ne da maharba da masu magani da ya zauna da su, waɗanda sunayensu ba su shiga littafin ba.

Ƙamus ɗin masu kayan kwalliya

Tilasta rubuta kayan haɗi a jikin man shafawa ba tsohon abu ba ne ko a Turai. A Amurka an kafa dokar marufi da rubutun jikin kaya a 1966, a shekarun 1970 kuma hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta wajabta jera kayan haɗin kayan kwalliya. Ƙungiyar masu masana'antun kayan kwalliya ta Amurka ta buga ƙamus na farko na sunayen a 1973. A 1993 aka mayar da tsarin na duniya, aka kira shi INCI, wato tsarin sunayen kayan haɗin kayan kwalliya na ƙasa da ƙasa. A wannan shekara Tarayyar Turai ta gyara dokarta ta 1976, ta wajabta rubuta kayan haɗi daga 1997. Dokar da suke aiki da ita yanzu ita ce mai lamba 1223 ta 2009, wadda ta fara aiki gaba ɗaya a 2013.

Ƙa'idojin ba su da wuyar ganewa. Ana fara rubuta abin da ya fi nauyi a cikin haɗin, a bi da mai bi masa, har ƙasa. Abin da bai kai kashi 1 cikin 100 ba ana iya jera shi a ƙarshe yadda aka so. Wannan ƙa'ida kaɗai ta isa ta tona asirin mai algus: in an rubuta man kaɗanya da manyan baƙaƙe a gaba, amma a baya ka ga Petrolatum ne a farko, Butyrospermum Parkii yana can kusa da ƙarshe, to basilin ka saya da ɗan ɗigon man kaɗanya. Abin da aka samo daga tsiro kuwa ana rubuta sunansa na Latin, a bi da sashen da aka ɗebo da kuma siffarsa. Man ƙwallon kuka shi ne Adansonia Digitata Seed Oil, man zogale Moringa Oleifera Seed Oil, man habbatus sauda Nigella Sativa Seed Oil, man aduwa kuwa yana ƙarƙashin Balanites Aegyptiaca.

Amfanin suna ɗaya yana fitowa fili idan aka dubi itacen da ake kira Azadirachta indica, wanda aka kawo Barno a 1928. Bakano zai ce darbejiya, wani ya ce dogon yaro, wani bedi, wani maina. Hausawa ne duka, amma suna huɗu. In mu da kanmu ba mu haɗu a kan suna ɗaya ba, ina ga mai saye a Alkahira ko Landan?

Akwai kuma wani wuri da masu sabulun salo suke tuntuɓe. Idan aka dafa mai da ruwan toka, man ya daina zama mai, ya zama sabulu, saboda haka sunansa ma yakan canja. Man kaɗanyar da aka dafa da ruwan toka ana kiransa Potassium Shea Butterate, wanda aka dafa da soda kuma Sodium Shea Butterate. Haka nan turare: ana rubuta Parfum, amma tun 2003 Turai ta ware sinadarai 26 na ƙamshi da aka san suna tayar wa wasu mutane ƙaiƙayi, ta ce sai an ambace su da sunansu idan sun wuce wani ɗan ƙaramin adadi, a 2023 kuma aka ƙara yawansu. Da yawa daga cikinsu daga tsirrai suke fitowa. Eugenol yana cikin kanumfari, Cinnamal yana cikin kirfa, Limonene yana cikin ɓawon lemo. Wannan ya rushe tunanin da ya zama ruwan dare, cewa duk abin da ya fito daga itace ba ya cutarwa. Man gyaɗa ma, Arachis Hypogaea Oil, wanda muke ganin ba a bakin komai yake ba, akwai yaran da jikinsu ba ya karɓarsa ko kaɗan, kuma akan sirka man kaɗanya da shi.

Inda suna ya ɓoye guba

Misali mafi tsufa a wurinmu shi ne kwalli. Clapperton ya lissafa shi cikin kayan kasuwar Kano da sunan antimony, Turawan da suka biyo bayansa kuma suka ci gaba da fassara kwalli da tozali da wannan kalma. Amma akasarin dutsen kwallin da ake haƙowa a ƙasar nan, a wurare irin su Zurak da Arufu da Abakaliki, galena ne, wato dutsen dalma. Sunan ya nuna wani ma'adini, abin da ke cikin tandu kuwa wani ne daban. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma mai yawa a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Nijeriya, da aka bincika sai aka gano kwallin da ake sa masa ne, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta buga rahoton a 2012, ta ambaci sunayen tiro da tozali da kwalli. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake wancan daga haƙar zinariya ne, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Ni ma an sa mini kwalli ina jariri, kamar kowa a zamaninmu, kuma ba na zargin iyayenmu, domin ba wanda ya gaya musu abin da ke cikin dutsen.

Sai lalle. Lallen gaske, Lawsonia inermis, ja yake yi ko ya yi duhu-duhu, ba ya baƙi ƙirin. Abin da ake kira baƙin lalle, wanda mata suke cewa dayis, rinin gashi ne mai sinadarin da ake rubutawa p-Phenylenediamine ko PPD a taƙaice. Yana ƙona fatar wasu, ya bar tabo daidai da zanen ƙunshin, kuma likitocin Khartoum sun daɗe da ba da rahoton yaran da suka mutu sanadiyyarsa. A nan kalmar lalle ce aka yi wa guba lulluɓi da ita.

Mafi muni a yau shi ne man da ake sayarwa da sunan haɗin gargajiya ko oganik, a rubuta man kaɗanya da kurkum da zuma da madara, alhali abin da ke sa fata ta yi fari cikin mako biyu shi ne abin da ba a rubuta ba: Hydroquinone, ko Clobetasol wanda magani ne mai ƙarfi da sai likita ya rubuta, ko zaiba. Ita zaiba ko an rubuta ta ma sai a ɓoye ta a bayan suna irin Calomel ko Mercurous Chloride. Tana lalata ƙoda, tana kuma isa ga ɗan da ke ciki. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta taƙaita ta a kayan kwalliya, a 2023 kuma ƙasashe suka amince a haramta ta gaba ɗaya daga 2025. Kurkum ba ya mayar da baƙi fari. Duk matar da ta ga ta canja launi da man da aka ce mata kurkum ne, to ta tabbata akwai lauje cikin naɗi.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 15 ta 1993, ita kanta matsalar suna ce ta haife ta. A 1990 yara masu yawa sun mutu a Jos da Ibadan bayan shan ruwan maganin farasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai guba da aka sayar da sunan wani marar guba. Hukumar ta yi tashe a zamanin Dora Akunyili daga 2001 zuwa 2008. Ƙa'idodinta sun wajabta a rubuta sunan kaya, da jerin kayan haɗi, da nauyi, da sunan mai yi da adireshinsa, da lambar rukunin da aka yi, da ranar yi da ta lalacewa, da lambar rajista, kuma da Turanci, ko da yake ba a hana ƙara wani harshe ba. A 2023 ta bayyana shafa man bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Doka dai tana nan a takarda. Wanda ya zaga kasuwanninmu ya san robobi nawa ne ba su da ko harafi ɗaya a jikinsu.

Abin da na gani da idona

Lokacin da nake aiki, an taɓa ɗora mini alhakin taimaka wa wata ƙungiyar mata masu man kaɗanya su kai kayansu wani baje koli. Man nasu ba shi da makusa. Wani ɗan kasuwa daga waje ya gani ya yaba, ya karɓi samfuri, bayan wata biyu sai ga wasiƙa cewa ba zai iya saye ba. Dalili kuwa, takardar da muka buga ta ce man kaɗanya zalla, amma da aka auna sai aka sami man ja a ciki. Da na koma na tambayi shugabar matan, ba ta ɓoye ba, ta ce ai sukan ɗan ɗiga don ya yi launin rawaya, saboda masu saye na birni sun fi son mai launi. A wurinta ba ha'inci ba ne, ado ne. Laifin nawa ne da ban tambaya ba kafin in kai wa mai buga takarda. Da mun ƙara layi ɗaya, Elaeis Guineensis Oil, da wataƙila cinikin ya faɗa.

Wannan hasara ba ƙarama ba ce idan aka dubi matsayinmu. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan kaɗanya, musamman jihohin Neja da Kwara da Kebbi da Kaduna, amma yawanci ƙwarar ake kwashewa ɗanya a fita da ita, a sarrafa a waje, wani kaso ya shiga cakulan, tun da Turai ta halatta zuba man kaɗanya a cikinsa a 2000, wani kuma ya dawo mana a kwalba irin ta jikata. A 2017 hukumar Codex ta fitar da ma'aunin ingancin man kaɗanyar da ba a tace ba na yankin Afirka. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwara na wata shida don a riƙa sarrafawa a gida. In har za a sarrafa a gida, to mu ne za mu riƙa rubuta takardar.

Shekara biyu bayan waccan wasiƙa matan suka sake buga takarda, ni na zauna da su muka tsara ta. A gaba aka rubuta Man Kaɗanya da manyan baƙaƙe. A baya aka yi layi biyu, na sama da sunan INCI don jami'i da baƙo, na ƙasa da Hausa don mai saye na gida: man kaɗanya, man kwakwa, kakin zuma. Man ja kuwa suka daina zubawa. Wata tsohuwa daga cikinsu ta sa na karanta mata Butyrospermum Parkii har sau uku, sa'an nan ta tambaye ni wane ne Parki. Na ce wani Bature ne da ya nutse a Busa. Ta ce Allah sarki, ashe ma bai taɓa tsintar ƙwara ba.